Yadda Ake Tattauna Saɓanin Ra'ayi a Kan Addini Ba Tare da An Rabu Dutse a Hannun Riga Ba

A hutun ƙaramar sallar da ta gabata, ɗan ƙanwata, wanda yake shekararsa ta biyu a sashen nazarin zamantakewar ɗan Adam na wata jami'a, ya same ni a zaure bayan sallar isha'i. Ya zauna a gefen tabarma, ya daɗe yana jujjuya wayarsa bai ce uffan ba, sai da na tambaye shi ko lafiya sannan ya buɗe baki. Ya ce, "Kawu, a aji an karantar da mu cewa addini ƙwaya ce da ake ɗura wa talakawa don su yi barci. Da na kawo maganar ɗakinmu, sai ɗaya daga cikin abokaina ya ce duk wanda ya rubuta haka a takardar jarrabawa ya bar Musulunci, ɗayan kuma ya ce ai gaskiya ce ake gudu. Yau mako uku ke nan ba sa gaisawa, alhali a kwano ɗaya muke cin abinci."

Abin da na shimfiɗa a nan shi ne abin da na gaya masa a daren, tare da abin da na ƙara tunani a kansa daga baya. Ni Musulmi ne, ina da yaƙini a kan addinina, kuma ba na ganin cewa dukkan ra'ayoyi daidai suke. Sai dai na lura cewa mafi yawan gardamar da ake yi a kan addini, a teburin mai shayi ko a ɗakin kwanan ɗalibai ko a Facebook, tana lalacewa ne tun kafin a kai ga ainihin saɓanin, domin kowane ɓangare yana amsa tambayar da ba ita aka yi masa ba.

Ka fara da rarrabe tambayoyin

Idan wani ya tayar da magana a kan addini, kada ka yi saurin ba shi amsa, ka fara gano wace tambaya yake yi. Akwai mai tambayar ko abin da addini yake faɗa gaskiya ne, wato ko akwai Allah, ko wahayi ya sauka, ko za a tashi bayan mutuwa. Akwai mai tambayar mene ne addini a matsayinsa na abin da ake samu a cikin kowace al'umma, daga ina ya faro kuma me ya haɗa nau'o'insa. Akwai kuma wanda damuwarsa ita ce abin da addini yake haifarwa a rayuwar mutane, alheri ne ko cuta. Waɗannan tambayoyi suna da alaƙa da juna, amma amsar ɗaya ba ta wadatar wa ɗaya. Mutum yana iya yarda cewa jam'in salla yana ƙulla zumunci a unguwa alhali bai yi imani da wanda ake yi wa sallar ba, kamar yadda mumini na gaske yake iya yarda cewa an cuci mutane da sunan addini ba tare da imaninsa ya girgiza ba.

Abokan ɗan ƙanwata a nan suka yi tuntuɓe. Ɗaya yana magana a kan yadda masu mulki suke amfani da addini, ɗayan kuma ya ji kamar ana ƙaryata Allah da Manzonsa. Da ɗaya daga cikinsu ya tsaya ya ce, "Ɗan uwa, kana nufin addinin ne ƙarya, ko kana nufin wasu suna cin abinci da shi?" da an rage rabin rigimar a wurin.

Bayan haka sai ku daidaita a kan kalmar kanta. Kalmar addini ta zo mana daga Larabci, inda take ɗauke da ma'anar biyayya da sakamako da tafarkin rayuwa, shi ya sa Musulmi idan ya ce addini yana haɗawa da ciniki da aure da gado da shari'a. Ɗan boko da ya karanta littattafan Turai kuwa sau da yawa yana nufin abin da mutum ya ƙudurta a zuciyarsa da ibadar da yake yi a keɓe, wadda ba ta da hurumi a harkar mulki, kuma wannan fahimta tana da tarihinta a yaƙe-yaƙen da Kiristocin Turai suka gwabza a tsakaninsu, musamman yaƙin shekara talatin na 1618 zuwa 1648. Su kansu masanan Turai ba su haɗu a kan ma'ana ɗaya ba. Edward Tylor na Ingila ya ce a 1871 addini shi ne yarda da samuwar halittu na ruhi, sai Emile Durkheim na Faransa ya kawo masa misalin addinin Buddha, wanda koyarwarsa ta asali ba ta ginu a kan mahalicci ba, ya ce abin da ya haɗa addinai shi ne raba abubuwa gida biyu, masu alfarma da na yau da kullum, tare da jama'ar da ta taru a kan wannan rabon. Kana iya gwada abokin maganarka da misali na gida, ka tambaye shi ko tsafin Maguzawa da bori addini ne a wurinsa ko al'ada. Amsar da zai ba ka za ta nuna maka da wane ma'auni yake awo.

Ka ji waƙa a bakin mai ita

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Kada ka yi raddi ga ra'ayin da ba za ka iya bayyana shi yadda mai shi zai ce "haka nake nufi" ba. Wasu suna ɗauka cewa wannan tarbiyyar boko ce, alhali malaman Musulunci sun riga kowa yin ta. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin cewa ya shafe kusan shekara biyu yana karatun falsafa a lokutan da ya samu sarari daga koyarwa a Bagadaza, ya ƙara kusan shekara guda yana bitar abin da ya karanta, sannan ya rubuta littafi yana bayyana manufofin masana falsafa kafin ya fito da wanda ya rusa hujjojinsu a ciki. Dalilinsa shi ne, raddi ga mazhabar da ba ka fahimce ta ba tamkar harbi ne a cikin duhu. Kafin shi, Albiruni ya koyi harshen Sanskirit domin ya karanta littattafan Hindu da kansa, kuma a littafin da ya kammala a wajajen 1030 ya bayyana cewa manufarsa ita ce kawo aƙidunsu yadda suke. Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya ɗaukar wa kansa sharaɗin kawo ra'ayin kowace ƙungiya kamar yadda ya same shi a littattafanta.

A ƙasarmu ma muna da misali da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Lokacin da jihadi ya isa Borno, Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi ya rubuta wa shugabannin Sakkwato wasiƙu yana ƙalubalantar hujjarsu ta yaƙar mutanen Borno, yana cewa abubuwan da ake zarginsu da su saɓo ne, kuma saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Muhammadu Bello ya mayar masa da amsa mai ƙarfi, amma abin lura shi ne ya shigar da wasiƙun Elkanemi cikin littafinsa Infaƙul Maisur, ta yadda har yau mai karatu yake iya ganin hujjar abokin hamayyar da kalmominsa. Mutanen da takobi ya shiga tsakaninsu ke nan, amma ba su yi wa juna ƙarya a kan abin da kowa ya faɗa ba.

To, mu gwada wannan a kan maganar da ta raba abokan nan biyu. Karl Marx ne ya yi ta, a wani rubutu da aka buga a Faris a 1844, kuma kalmar da ya yi amfani da ita ita ce ofiyom, wanda a zamaninsa magani ne na kashe raɗaɗin ciwo da ake sayarwa a fili, ko da yake yana sa maye. A cikin sakin layin da maganar ta fito, ya kwatanta addini da nishin wanda aka zalunta, da kuma zuciyar duniyar da ba ta da zuciya. Abin da yake nufi shi ne talaka yana fakewa a addini saboda azabar da yake sha ta gaske ce, amma sauƙin da yake samu yana hana shi tashi ya kawar da tushen azabar. Marx bai yarda da Allah ba, wannan babu ɓoye-ɓoye a cikinsa, amma idan ka fahimci maganarsa haka za ka san inda za ka kama shi. Za ka iya yarda da shi cewa akwai masu mulki da suke sayen malamai don a yi wa talaka wa'azin haƙuri kaɗai, kuma marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya fitar da littafi a 1987 a kan yadda ake juya addini don biyan buƙatun siyasa a Nijeriya. Sannan sai ka tambaye shi yadda zai bayyana wa'azin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a kan zaluncin sarakuna da harajin da ya wuce kima, ko gwagwarmayar Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur, waɗanda suka yaƙi danniya ta hanyar kafa hujja da ayoyi da hadisai, ko kuma Martin Luther King na Amurka, wanda limamin coci ne. A waɗannan wurare addini farkar da talaka ya yi.

Haka za ka yi wa sauran. Durkheim, a 1912, ya ce idan jama'a ta taru tana bauta, ƙarfin da take ji yana lulluɓe ta ƙarfin al'ummar ne da kanta. Ya gina wannan a kan rahotannin da wasu suka rubuto game da ƙabilun asali na Ostireliya, ƙasar da bai taɓa taka ta ba. Max Weber na Jamus ya juya maganar Marx, ya nuna a rubutunsa na 1904 zuwa 1905 cewa aƙida ma tana iya sauya tattalin arziki, inda ya danganta tsantseni da naci a kan aiki na wasu ɗariƙun Furotesta da bunƙasar jari-hujja. Sigmund Freud, a 1927, ya ce tushen addini shi ne raunin ɗan Adam da buƙatarsa ta uba mai kare shi. William James na Amurka kuwa ya ce a auna addini da 'ya'yan da yake haifarwa a rayuwar mai shi. Ka lura cewa ko da bayanin Freud ya yi daidai a kan dalilin da ya sa wani mutum ya yi imani, wannan bai taɓa tambayar ko abin da ya yi imani da shi gaskiya ne ba. Yaro yana son mahaifinsa ya dawo daga tafiya saboda tsoron dare, amma tsoron nasa ba ya tabbatar da cewa mahaifin yana hanya, ba ya kuma kore hakan.

Ga wanda yake jin cewa nazarin aikin addini a cikin al'umma kafirci ne, sai a tuna masa da Ibnu Haldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406 bayan ya riƙe muƙamin alƙalin Malikiyya a can. A cikin Muƙaddimarsa ya bayyana cewa kiran addini ba ya cin nasara sai da goyon bayan dangi da jama'a, abin da ya kira asabiyya, kuma addini yana ƙara wa wannan haɗin kai ƙarfi domin yana kawar da hassada da gasa a tsakanin mutane. Wannan nazarin zamantakewa ne tsantsa, daga alƙalamin alƙalin mazhabar da muke bi.

Idan aka zo lissafin alheri da cuta

A nan ne murya take fara tashi, domin kowa yana zuwa da buhun misalansa. Mai sukar addini zai kawo rikicin Maitatsine na Kano a Disambar 1980, wanda ya ci rayuka fiye da 4,000, ya kawo rikicin Kaduna na 2000, ya kawo Boko Haram. Mai kare addini zai kawo zakka da waƙafi da tsangayu da suka raya karatu ɗaruruwan shekaru, da asibitocin mishan irin na Wusasa a Zariya da na Galmi a Nijar, sannan ya tuna wa abokinsa cewa gwamnatocin da suka yaƙi addini, kamar ta Stalin a Tarayyar Sobiyet da ta Khmer Rouge a Kambodiya daga 1975 zuwa 1979, sun kashe miliyoyin mutane. Duka ɓangarorin gaskiya suka faɗa, kuma za a iya kwana ana jifan juna da irin waɗannan ba a matsa ko taku ɗaya ba.

Dokar da nake ba da shawara a bi ita ce a yi awo da mudu ɗaya. Idan ka ce kisan da aka yi da sunan addininka ba koyarwarsa ba ce, to ka ba abokin maganarka damar faɗin haka a kan nasa. Idan kuma ka ɗora wa addini alhakin duk ɓarnar mabiyansa, to ka yarda a rubuta masa duk alherinsu. Kada ka gwada mafi kyawun koyarwar gidanku da mafi munin aikin gidan wani. Kuma idan aka kawo maka laifin da ya tabbata, ka amsa shi ba tare da kwana-kwana ba, domin wanda ya ga ka musanta abin da ido ya gani ba zai ƙara yarda da kai a kan gaibu ba.

Wuri, lokaci da harshe

Duk abin da ya gabata ba zai yi amfani ba idan aka yi maganar a inda bai dace ba. Magana zarar bunu ce, kuma a ƙasarmu maganar addini tana iya cin rai. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 ya faro ne daga wani taron wa'azi a Kwalejin Ilimi ta garin, kafin ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, kuma kisan da aka yi wa wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a Mayun 2022 ya biyo bayan saƙon murya ne a zauren WhatsApp na ɗalibai. Saboda haka ka zaɓi mutum ɗaya ko biyu da ka san hankalinsu, ku zauna ido da ido. Ka guji taron jama'a, domin mutum ba ya iya cewa "ka fi ni gaskiya" alhali abokansa suna kallonsa. Kada ka ɗauki muryar kowa, kada ka yaɗa hoton abin da ya rubuto maka a asirce. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, amma takarda ba ta kashe wutar da harshe ya kunna.

Tsakanin suka da zagi akwai iyaka, kuma dole a shata ta tun farko. Mutum yana iya cewa bai gamsu da wata hujja ba, wannan suka ce, ana amsa ta da hujja. Izgili ga Annabi ko littafi ko abin bautar wani kuwa ba ya cikin tattaunawa, kuma wanda ya fara shi ya rufe ƙofar da kansa. Alƙur'ani a aya ta 108 ta Suratul An'am ya hana Musulmi zagin abin da wasu suke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci, kuma aya ta 125 ta Suratun Nahli ta yi umarni da a yi jayayya ta hanyar da ta fi kyau. Kirista ma yana da irin wannan a wasiƙar Bitrus ta fari, sura ta 3, inda aka umarce shi ya kasance a shirye ya ba da dalilin begensa, amma cikin tawali'u da girmamawa.

Ka kuma kiyayi saurin kafirtawa, musamman ga matashin da ya zo da tambaya. Shehu Usmanu ya yi rubuce-rubuce da yawa yana yaƙar wasu ɗaliban ilimin tauhidi na zamaninsa da suke kafirta talakawa saboda ba su iya kawo hujjojin aƙida yadda littattafai suka tsara ba. Yaron da ya ce maka yana da shakka ya ba ka amana ne, kuma idan ka daka masa tsawa ba shakkar za ta tafi ba, wurin wani zai kai ta, mai yiwuwa wanda ba ya nufinsa da alheri. Idan tambayar ta fi ƙarfinka, ka ce masa "ban sani ba, amma zo mu je wurin malam wane", ka kuma zaɓi malamin da ya san abin da yaron ya karanta.

Kada ka sa ran zama ɗaya zai sauya zuciyar kowa. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna sun jagoranci matasa a ɓangarori biyu masu gaba da juna, kuma a rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan uwansa. Sun fara magana da juna a 1995, amma su da kansu sun faɗa cewa an ɗauki shekaru kafin zargi ya bar zukatansu, kuma daga cikin abubuwan da suka sassauta lamarin har da ziyarar da Ashafa ya kai wa mahaifiyar Wuye tana kwance ba lafiya. Har yau ɗaya limami ne ɗaya fasto, babu wanda ya bar aƙidarsa, amma cibiyar sulhun da suka kafa ta taka rawa a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ta Agustan 2002. Idan ka ga an fara maimaita magana ɗaya sau uku, ko fuskar abokinka ta sauya, ka tsaya haka nan, ka ce masa za ka yi tunani a kan abin da ya faɗa, ku yi musafaha ku tashi.

Game da jarrabawar da ta dami ɗan ƙanwata kuwa, na gaya masa cewa malamai sun daɗe da tabbatar da ƙa'idar cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne, kuma Alƙur'ani da kansa ya hakaito maganar Fir'auna da ta masu cewa babu abin da yake halaka su sai zamani. Na ce ya rubuta "a ra'ayin Marx" ko "a cewar Durkheim", ya kawo maganarsu cikakkiya ba tare da ya rage mata ƙarfi ba, sannan idan tambayar ta ba da damar sharhi ya kawo Ibnu Haldun da Malam Aminu Kano ya nuna inda bayanin nasu ya gaza. Na kuma ce idan ya koma makaranta ya dafa shinkafa da wake ya kira abokan nan biyu, kada ya tayar da maganar sai an kusa sauke cokali, sannan ya roƙi kowannensu ya faɗi abin da yake ganin ɗayan yake nufi kafin ya faɗi nasa.